Jinjina ga Masana Nau'o'in Ruwa

A Kano ana yawan cewa kamfanonin inshora karɓa suka iya, ba su iya bayarwa ba. Wannan magana ta rage musu daraja. Hana mutum haƙƙinsa abu ne da kowa ya iya. Amma ka hana shi, ka kuma tabbatar masa a rubuce cewa laifinsa ne, har ya fita daga ofis yana neman afuwa, wannan sai wanda ya yi karatu. Akwai kamfanonin da ke biya ba tare da jan rai ba, su Allah ya saka musu. Yabona na yau na sauran ne, gwanayen.

Ɗauki magidanci a Nassarawa GRA, a ce can wajen Sultan Road ko Lamido Road, inda tsofaffin gidajen ma'aikatan gwamnati suke kafaɗa da kafaɗa da sababbin benaye. Ya ji cewa rigakafi ya fi magani, ya yi wa gidansa inshorar gobara da sauran haɗurra, wadda aka ce masa ta haɗa da ambaliya da guguwa da fashewar bututu da tumbatsar tanki. Ranar biyan kuɗi aka karrama shi. Tsohuwar dokar inshora ta 2003, a sashe na 50, ta ce in ba a biya ba babu kariya, kuma hukumar NAICOM ta tsananta aiki da wannan tun Janairun 2013, don haka aka taimake shi ya biya nan take. Babu wanda ya hau rufin gidan. Babu wanda ya tambayi shekarun bututun da ke cikin bango. Kuɗin da ya ce gidan ya kai, shi aka rubuta. Madalla da irin wannan kyautata zato ga ɗan'uwa Musulmi, a zamanin da amana ta yi ƙaranci.

Sai marka ta zo a watan Agusta. Aka kwana ana ruwa, lambatun bakin titi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga falo, silin ɗin ɗakin yara ya jiƙe ya rufto. Gari na wayewa maigida ya buga waya, zuciyarsa a kwance, don ya san yana da inda zai jingina.

A nan ne ilimi yake bayyana. Ni da kai ruwa ɗaya muka sani, wanda ake sha, a yi alwala, in ya yi yawa ya ci gida. Mai ƙiyasta asara da kamfani ya turo ya fi mu sani. Ya zo da na'urar ɗaukar hoto da littafinsa, ya gaisa cikin ladabi, ya zaga gidan, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya ce: "Ranka ya daɗe, wannan tabon ai ba na jiya ba ne." Da wannan jimla ɗaya ɗakin yara ya fita daga lissafi. Domin ruwan da ya sauko ta rufi iri biyu ne: in iska ce ta yaye kwano, haɗari ne, in kwanon ya tsufa ne ko ƙusa ta saki, sakacin maigida ne. Ruwan bututu ma iri biyu ne: wanda ya fashe farat ɗaya, da wanda ya daɗe yana ɗiga cikin bango inda ido ba ya gani. Na biyun ba a biyansa, ko da yake babu mahaluƙin da zai iya ganinsa sai ya fasa bangon. Na farkon ma sau da yawa ana duba ɓarnar da ya yi ne, shi kansa bututun Alhaji zai saya. Akwai danshin da ke tasowa daga ƙasa yana cin fenti, shi wannan ba a ma san shi ba. Katanga da ƙofar gida kuwa, waɗanda su ne farkon abin da ambaliya ke dukawa, galibin takardun sun cire su tun farko. Kuma in gidan ya wuce kwana 30 babu kowa ciki, kamar yadda yakan faru ga wanda ya tafi aikin Hajji da iyalinsa, akwai sharaɗin da ke jiran dawowarsa.

Duk waɗannan suna nan a rubuce, ba a ɓoye kome ba. Suna shafukan baya, da ƙananan haruffa, cikin Turancin lauyoyin Ingila wanda ko mai digiri sai ya karanta sau uku. Dubi tausayi: da an karanta masa su ranar da ya biya, da ya kwana cikin damuwa shekara guda. Sai aka bar shi ya yi barcinsa, aka ajiye masa bayanin har ranar da yake tsaye cikin ruwa zuwa idon sawu, ranar da zai fi fahimta.

Ruwan da ya shiga falo dai ba a musa ba, ambaliya ce. Sai aka nemi rasidi. Rasidin kujeru, rasidin kafet, rasidin firji, rasidin gadon da iyayen Hajiya suka yi mata jere da shi shekara goma sha biyar da suka wuce. Hajiya ta ce, "Malam, wa ya taɓa karɓar rasidin kayan ɗaki daga hannun mahaifinsa?" Aka ce ƙa'ida ce. 'Yan rasidan da aka adana kuwa suna cikin durowar ƙasa, wadda ruwan ya fara cika. Ai ko wannan darasi kaɗai ya isa a yi godiya: yanzu gidan sun san ba a ajiye takarda a ƙasa.

Amma gwanintar da ta fi burge ni ita ce ta lissafi. A ce an yi wa gidan inshora kan naira miliyan 50. Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon shekarar 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambanta. Gidan da za a gina da miliyan 50 yanzu sai miliyan 100. Kamfani ya san haka, don shi ma a Najeriya yake sayen man janareta. Amma ya ga bai dace ya tsoma baki cikin sha'anin mutum ba, sai ya ci gaba da karɓar kuɗin shekara a kan tsohon ƙiyasi, cikin kawaici. Ranar asara sai aka fito da sharaɗi: tunda rabin darajar gidan ka yi wa inshora, rabin asarar za a biya. Ɓarnar miliyan 10 ta koma miliyan 5. Daga nan a cire tsufan kaya, don kujerar da aka zauna a kai ba sabuwa ba ce. A cire kason farko da yarjejeniya ta ce maigida ne zai ɗauka. Abin da ya rage, in Allah ya sa albarka, zai sayi fenti ya biya mai shafawa.

Doka ma ba a taka ta ba, kada wani ya yi ƙazafi. Sashe na 70 na tsohuwar dokar 2003 ya ba kamfani kwana 90 ya biya, amma a wancan lokacin lissafin kwanakin yana farawa ne bayan an fitar da takardar sallama, wadda mai asara zai sa hannu cewa ya yarda da adadin. Wa ke fitar da takardar? Kamfani. Kafin nan akwai rahoton da ake jira daga Legas, akwai manajan da ya yi tafiya, akwai hoton da bai fito sosai ba. Mutumin da 'ya'yansa ke kwana a ɗakin baƙi, bango na wari, ƙaramin yana tari, ba ya jayayya da adadi. Yana sa hannu. Sashe na 55 na tsohuwar dokar ya ce karya sharaɗi ba ya zama hujjar hana biya sai in sharaɗin yana da alaƙa da asarar da aka yi, kuma NAICOM tana da sashen karɓar koke. An kyauta da ba a cika kunnen abokin ciniki da waɗannan ba, kada a ɗora masa wahalar shari'a a kan wahalar ruwa. A 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora, aka ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin da ke inshorar dukiya zuwa naira biliyan 15. Asusu zai ƙara nauyi. Masu gadinsa kuwa sun riga sun nuna ba sa wasa.

Ba a yi adalci ba in aka manta da abokan aiki. Masu gini a kan magudanar ruwa, da masu sa musu hannu a takarda, da mu masu zuba shara a lambatu, duk muna da lada a wannan harka. Ruwa ba baƙo ba ne a ƙasar nan: madatsar Bagauda ta ɓalle a 1988, ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi a daminar 2022, madatsar Alau ta ci Maiduguri a Satumbar 2024. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara. Kowa ya ji, kowa ya yi abin da ya saba.

Sakamakon duk wannan ƙoƙari a bayyane yake: abin da inshora ke kawowa bai kai kashi 1 cikin ɗari na tattalin arzikin Najeriya ba. In an tambaya, sai a ce mutanen Arewa ne ba su waye ba, ko addini ne ya hana su, ko da yake tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful ga mai gudun riba. Amsa ce mai daɗi, domin ba ta buƙatar kowa ya gyara kome. Ba ta ambaci tsohon ma'aikacin da ya yanki kuɗin inshora daga fanshonsa shekara bayan shekara ba, ko matar da mijinta ya rasu ya bar mata gida ɗaya da marayu, waɗanda damina guda ta isa ta mayar da su masu neman rance. Shi wannan tsoho, da ya zauna a majalisa bayan la'asar ya ba da labarinsa, ya hana mutum ashirin yin inshora, kuma kamfani bai biya shi ko kwabo na tallar ba.

Don haka, ranku ya daɗe, ku riƙe hanyarku. Kada ku kuskura ku fassara takardar nan zuwa Hausa a shafi guda. Kada ku tura kowa ya duba rufi da bututu kafin ku karɓi kuɗi. Kada ku buga waya ku ce wa mutum siminti ya tashi, ya sake ƙiyasta gidansa. Kada ku gaya masa ya ɗauki hoton kowane ɗaki tun kafin damina, ya ajiye rasidi a wayarsa, ya sanar da ku a rubuce ranar da abin ya faru, kuma yana da ikon ƙin sa hannu a adadin da bai gamsu da shi ba. In kuka yi haka, gobe wani zai shigo ofis, kuɗinsa na aljihu, ya ce sai an nuna masa layin da ya yi maganar katanga, da layin da ya yi maganar yoyon kwano, da nawa za a cire kafin a ba shi, kuma wa zai kai wa ƙara in an ƙi.