Yadda Ake Aiken Filashi Tsakanin Kishiyoyi

Duk wanda filashinsa ya ƙi buɗewa a kwamfutar wani, kada ya yi saurin cewa jifa ne. Matsalar zaman gida ce. Mac ce uwargida, ta tare a 1984. Windows ta biyo baya a 1985, ta karɓe girki, har yau ba ta sake shi ba. Linux ce amarya, 1991, auren sadaka, don ko sisi ba a biya kafin a ɗauko ta. Shi kuwa filashi ɗan aike ne tsakanin ɗakunan uku, kuma kowacce da irin jerenta.

Jeren Windows sunansa NTFS. In ɗan aike ya shiga da shi ɗakin Mac, za ta buɗe ta karanta tsaf, amma ba za ta rubuta ko harafi ɗaya a ciki ba. Kawaici ke nan irin na manya. Windows ba ta gaji wannan hali ba. Kawo mata APFS na Mac ko ext4 na Linux, ta ce ita ba ta san shi ba, wani lokaci ma ta yi maka tayin fomat cikin ladabi. Fomat shi ne ta share komai, har da takardar kammala karatunka, don a samu zaman lafiya. Tayin yana zuwa da maɓalli biyu. Masu natsuwa suna danna na fasawa. Sauran jama'a su ne ake gani a kasuwar Farm Centre riƙe da filashi suna salati.

Akwai tsohon jere da duk ukun suka yarda da shi, FAT32, na 1996. Talabijin ma yana karanta shi, rediyon mota ma haka. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada fayil guda ya kai giga 4. Don haka filashi mai giga 64, wayam babu komai ciki, zai dubi bidiyon bikin ƙanwarka ya ce ya yi masa girma. Ba ƙarya yake ba, doka ce. Sai a yanka bidiyon, kamu daban, dina daban, kai amarya daban. Dama babu mai kallonsa a zama ɗaya sai uwar ango.

Sulhu ya zo da exFAT, wanda Microsoft ta fitar a 2006, ba ruwansa da iyakar giga 4. Sai a 2019 kamfanin ya bayyana yadda aka tsara shi, Linux ta karɓe shi a hukumance. Shekara 13 ba ta yi yawa ba ga sulhun kishiyoyi. Tsofaffin talabijin dai wasunsu har yanzu ba su samu labari ba.

In kuma ka ga wasu ƙananan fayiloli masu suna kamar .DS_Store, Mac ce ta bar sawunta. Yaron shagon kwamfuta zai ce, "Oga, bairos ne wannan." Ba bairos ba ne. Bairos na gaskiya, mai ɓoye kayanka ya bar maka sunayensu kawai, a kwamfutar shagon yake, kuma kyauta ake haɗa shi da kuɗin buga takarda.

Saboda haka, mai karatu, fara kwashe kayanka zuwa wani wuri, sannan ka yi wa filashin fomat na exFAT. Wanda ya fara da na biyun, kada ya neme ni.