Albashinmu Yana Rumbu

Mu a Dawce in aka ce gidan gwamnati, makaranta muke nufi, ko asibiti, ko ofishin magajin gari. Gidan da hukuma za ta gina ta ce wa talaka shiga ka kwana, a rediyo muke jin sa. Rannan a teburin mai shayi wani yaro da ya dawo daga Yamai yake ba mu labarin SONUCI mai gina gidaje a biya da kaɗan-kaɗan, da bankin gidaje da aka buɗe a 2018. Baba mai goro ya ce, "To ɗana, me ake kai musu?" Yaro ya ce takardar albashi da asusun banki. Baba ya ce, "Nawa albashin yana rumbu, kuma bana ɓera ya riga ni karɓa."

Abin da ya taɓa iso wa irinmu shi ne kuɗin tallafin nan da aka fara bayarwa a 2011, jika goma duk wata har shekara biyu, kuma a hannun mata ake danƙa shi, abin da har yau wasu magidanta ba su gama haɗiyewa ba. Kafin a rubuta sunanka sai an zo an ga gida. Nan halinmu ke fita. Mu ne fa waɗanda ko tukunya ta kwana uku ba wuta, in ka gaishe mu sai mu ce lafiya lau, sai godiya. Amma a ji masu takarda sun taso daga Matamaye, kafin hantsi awaki sun tafi ziyara gidan maƙwabci, babur ya shige bayan zana, kowa ya nemo rigar gona. Maƙwabcin da ka kai wa ajiya shi ma nasa yana wajenka.

Kwanon rufi ne kawai ba ya ɓoyuwa. Mutum ya yi rani uku yana tura baro a Kano ya rufe ɗaki ɗaya, ga shi yana ƙyalli tun daga bakin hanya, mai takarda ya ɗaga kai ya rubuta abin da ya rubuta. Ka bi shi kana cewa, "Malam, wallahi ƙarƙashinsa ba kome," shi kuwa ya riga ya shiga gidan gaba.

Daminar 2024, da ruwa ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram, katangun ƙasa nawa suka bi shi a karkara? Sai muka koma wa abin da muka iya. Kaka ta yi, a kwaɓa ƙasa, a buga tubali, a kira gayya. Sharaɗin shiga wannan tsarin ɗaya ne, a ce bara ka je ta wani. Sai kuma fura, kada ta yi ruwa, don ta gidan wani tsohon unguwarmu har yau ana tsokanarsa da ita.