Soja Hannu Biyu Gare Shi

Ɗan ƙanena ya kwana uku yana gyaran wani wasan yaƙi na kwamfuta, irin wanda ake jan runduna ta zamanin takobi da doki. Ya ga kibau suna cinye masa dakaru, sai ya buɗe lissafin wasan ya raba wa kowa garkuwa. Mai mashi ya samu, ɗan baka ya samu, har mai ƙaton gatarin nan da ba ya ɗaguwa sai da hannu biyu. Ya juyo mini da allon yana washe baki: "Kawu, ka gani, yanzu ba mai mutuwa."

Na ce ya ƙirga mini hannuwan sojan. Ya ƙirga. Biyu ne.

Duk ilimin garkuwa a nan ya tsaya. Mai jan baka, hannu ɗaya na riƙe da baka, ɗaya na jan tsirkiya, garkuwa kuwa ba a riƙe ta da haƙori. Mai garkuwa ya sadaukar da hagunsa gare ta, don haka damansa a buɗe yake. Masu tsara wasan Medieval II: Total War, wanda ya fito a 2006, sun kiyaye wannan: garkuwa tana amfani ta gaba da ta hagu, amma wanda ya zagayo ta dama ko ta baya, nama ya samu. Wannan adalci ne, kuma ina yaba musu.

Sai kuma a san cewa katako ce. A 1880 an tono wani jirgin ruwa na 'yan Bayikin a Gokstad ta ƙasar Nowe, da garkuwoyi jere a gefensa, baƙa na bin rawaya. Faɗin kowace ya kusa mita ɗaya, amma kaurin allunan bai kai santimita ɗaya ba, da ɗan ƙoƙon ƙarfe a tsakiya inda hannu ke shiga. Abu mai wannan kauri, gatari ya sare shi sau biyu sau uku, ya koma itacen girki. Garkuwar da ba ta tsagewa a wasa ƙarya ake wa yaro.

Kuma ƙarfinta na jama'a ne. Ranar 14 ga Oktoba 1066, a yaƙin Hestins, mutanen Sarki Harold sun tsaya kan tudu, gefen garkuwar kowa a kan ta maƙwabcinsa, kamar bango. Dawakan abokin gabarsa Wiliyam suka yi ta hawa suna komawa tun hantsi. Sai da wasu suka ga abokan gaba na gudu, zuciya ta ɗebe su suka gangaro bin su, sannan bangon ya fara yin giɓi. Garkuwoyin ba su canja ba. Masu su ne suka bar wajen.

Amma abin da na fi daɗewa ina yi wa yaron bayani shi ne yaƙin Kiresi, a Faransa, 26 ga Agusta 1346. Sarki Filib na shida ya yi hayar maharban Jenowa, masu baka mai kunama. Wannan makami ɗana shi na cin lokaci, kuma mai ɗanawa a sunkuye yake. Saboda haka suna da wata doguwar garkuwa mai kama da ƙyauren ɗaki, ana kafa ta a ƙasa, mutum ya laɓe a bayanta ya ɗana, ya leƙo ya harba. Dabarar hannu biyu ke nan: tunda ba hannun riƙewa, ƙasa ta riƙe. To, ƙyauren ɗaki ba a tafiyar yini da shi a kafaɗa. A amalanken kaya ake saka shi. Ran nan maharban sun iso a gajiye da yamma, ruwa ya ɗan zuba, aka ce su shiga gaba, garkuwoyin kuwa suna can baya cikin ayari. 'Yan dogon baka na Ingila suka yi musu ruwan kibau. Da suka ja da baya, baraden Faransa, mutanensu, suka bi ta kansu da dawakai.

A takarda, kowane maharbin Jenowa yana da garkuwa ranar. Da kwamfutar ɗan ƙanena ce ke lissafi, da ta ba su cikakken maki.

Saboda haka na ce masa, in zai saka wannan garkuwa a wasa, lallai ya saka amalanke, ya saka shanun da ke jan sa, ya kuma saka taɓo a hanya. Ya yi shiru ya koma aiki. Ya karɓe garkuwa daga 'yan baka, ya sa mai gatari ya rataya tasa a baya, ya rage wa amalanke sauri.

Jiya bayan isha'i ya shigo ɗakina da kwamfutar a hannu, fuskarsa ba walwala. Maharbansa suna tsaye a fili, kibau na sauka.

"Kawu, amalanken bai iso ba."

Na gyara tabarau na duba taswira. Ga shi can a bakin rafi, ƙafa ɗaya ta nutse.