Sautun Santambul

Ina da wani ciwo da ban taɓa kai wa likita ba: bakina ba ya iya cewa a'a idan an ba ni sautu. Duk wanda ya ji zan yi tafiya ya ce in taho masa da wani abu, kafin ya rufe baki na ce, "Ba komai, an gama." Da abin ya tsaya nan da sauƙi, to amma ciwon yana da ƙane, sunansa "sai gobe". In karɓi saƙon mutane da fara'a, in ninke takardar in cusa a aljihu, ba zan sake waiwayarta ba sai ranar da zan kamo hanyar gida.

Haka na tafi wani aiki Istanbul a watan Disamba da takarda cike gaba da baya. Gwaggona ta ce, "Ɗan nan, sallaya nake so mai laushi irin ta Santambul, gwiwoyin nan sun gaji." Uwargida ta rubuto zannuwan gado da tawul da kofunan shayin nan masu siririn ƙugu. Yayana kwat yake so, bai san lambar da yake sawa ba, ya ce in gwada a jikina in ƙara kaɗan. Ɗan maƙwabcinmu rigar Galatasaray, mai sunan Osimhen da lamba 45 a baya. Har wani abokin aiki da gaisuwa kawai ke haɗa mu ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce takalmi. A cikinsu duka Gwaggo ce kaɗai ta haɗa da kuɗi, ta kunto su daga bakin zane.

Masaukina a Laleli yake, unguwar da 'yan kasuwarmu ke zuwa sarin tufafi, ga shagunan kargo nan a jere. Wato kasuwar tana ƙarƙashin tagar ɗakina, kuma abin da ya cuce ni ke nan. Me zai sa mutum gaggawa a kan abin da yake gani kullum? Da an tashi daga aiki sai in nemi shagon shayi in baje, ina cin simit, burodin nan mai siffar zobe da ake barbaɗe shi da riɗi, ina kallon masu wucewa. Ranar ƙarshe kuwa na tsara ta tsaf, tun da jirgina sai dare: da safe babbar kasuwa, da rana fadar Topkapi, da yamma in hau jirgin ruwa in taka ɓangaren Asiya in dawo. Har shaddata mai sitati na ajiye domin hotunan da za a gani a gida.

Da asuba na ji ruwa yana taɓa gilashi. Ban damu ba, ai Bakano ya san ruwan sama. Hadari ya haɗu, iska ta taso, a zuba kamar da bakin ƙwarya, ka fake a rumfar wani, kafin awa guda gari ya washe. Sai na koma na ja bargo ina jiran ya ɗauke. Ruwan hunturun Istanbul bai san wannan yarjejeniyar ba. Yayyafi ne mai naci, ba tsawa ba walƙiya, ga sanyi yana shiga har ƙashi, kuma mutanen gari ba wanda ya fasa fita saboda shi. Ina nan ina jira har aka buga waya daga ƙasa aka tuna mini cewa ƙarfe sha biyu ake sakin ɗaki.

Na bar akwati a wurin masu masauki, na fito cikin shadda da hula da takalmi buɗaɗɗe. A bakin titi na sayi lema ta roba mai shara-shara, irin wadda masu talla ke fito da ita da zarar an soma ruwa. Ban kai kwana ta biyu ba iska ta juye ta, ta koma kwanon tarar ruwa. Kafin in isa ƙofar Beyazit ta babbar kasuwa sitatin ya narke, shaddar ta manne mini, na zama jiƙaƙƙiyar kaza mai hula.

Ƙofar kuma a rufe. Kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Alfatih, wanda ya ci birnin a 1453, kasuwa mai shaguna wajen 4,000 a ƙarƙashin rufi, inda na ƙudurta zan gama komai ba tare da ɗigo ya taɓa ni ba, ba ta ci ranar Lahadi. Wani dattijo mai gasa masara ya ga ina leƙe, ya buɗe kalanda a wayarsa ya nuna mini ranar da yatsa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya fi haka muni, domin an faɗa mini tun ranar da na sauka, na ce to.

Na gangara wajen Aya Sofiya ina neman mafaka. Na ga mutane suna shiga wata ƙofa, na bi su, na biya kuɗin shiga ban tambayi me ke ciki ba. Muka sauka matakala, sai ga ni a Yerebatan, ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da Sarki Jastiniyan ya gina a ƙarni na 6, mai ginshiƙai 336. Ruwa a ƙasa, wani yana ɗigowa daga rufi. Mutumin da ya gudo daga ruwa ya cire kuɗinsa ya biya domin a nuna masa ruwa.

A masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida na haɗa Azahar da La'asar, takalmina a leda, ƙafafuna sun yi fari fat. Nan ne kaɗai na zauna a natse a duk yinin. Daga nan zuwa Topkapi tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, kuma a can ake ajiye da mayafin Annabi (SAW) da takubban sahabbai, cikin kayan amanar da suka fara isowa birnin bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Na duba agogo, na duba takardar da tawadarta ta fara zuba, na juya wa fadar baya na nufi neman tawul. Wannan kam ko yanzu ba ya ba ni dariya.

Kasuwar Masar da ke Eminonu a buɗe take, amma ta kayan ƙamshi ce da alewar lokum da tarkacen baƙi. Mai shago ya ji Nijeriya ya daka ihu, "Osimhen!" ya rungume ni. Ni da nake ja-in-ja a kan kwandon tumatir a 'Yankaba, ranar ko tayi ban yi ba. Na loda lokum da kofuna, na fizgi riga a teburin wani a waje. Filin jirgin yana da nisan kilomita wajen 40, ga cunkoson ruwan sama, na isa ana dab da rufe awo. Akwatin ya haura kilo 23, na durƙusa a tsakiyar jama'a ina fitar da kaya, a nan na lura lambar rigar 54 ce.

Washegarin saukata na zarce Kantin Kwari. Sallaya mai laushi, zannuwan gado, tawul, duk ga su da tambarin Turkiyya. Da na tambayi mai shagon inda yake sari, ya ce Laleli, har ya kwatanta mini layin masaukina. Gwaggo ta shafa sallayarta ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Ai daga taɓawa ka san ba ta nan ba ce." Ban yi ƙarya ba, ban kuma gyara mata ba.

Na san mai ba da sautu ya san hanyar Kwari sarai. So yake a ce can a wata uwa duniya an tsaya an tuna da shi, shi ya sa ba ya lissafin kilo, ba ya tambayar ko matafiyin yana da nasa wurin da yake son gani. Ban isa in zargi kowa ba, domin da wani aminina zai tafi Umara bayan nan, abu biyar na lissafa masa, ban ba shi ko sisi ba.

Yaya na ce masa kwat ɗin can ba su da yadi mai kyau bana. Mai takalmi kuwa na ce masa kayan suna kargo. Har yau suna kargon, ni kuma na koma shiga masallaci ta ƙofar kudu.