Masarar da Take Ƙara

Duk ranar da na je gidan taubashiyata, a kula ɗaya take kawo mini tuwo: wata ja mai furanni, da huji a gefenta wanda ɗan yatsa zai shiga. Kuloli masu kyau fal kabad ɗinta, amma wannan ce tawa. Sunan kular Digirin Injiniya. Ɗanta da bakinsa bai gama buɗewa ba ma haka yake kiranta.

A 2021 ne. Na gama karatun kwamfuta a Zariya, na dawo Birnin Gwari ina jiran takardar bautar ƙasa, ba ni da aiki sai danne-danne. Mahaifiyata ta gaji da ganina, ta ce in tafi siton Kawu in taya shi lissafi, ko ba komai a ga amfanin bokon.

Kawu mai ajiya ne. Tun da daji ya lalace, daga Kamuku har Kuyambana, mutumin Randagi ko Kakangi ko Dogon Dawa ba ya yarda hatsinsa ya kwana a rumbun ƙauye. Da ya ɗura masara a buhu sai ya kawo gari. Kawu yana da sito huɗu: ɗaya jikin gida, biyu wajen kasuwa, ɗaya can bakin gari a hanyar Funtuwa. Mai kaya takarda kawai ake ba shi: kashi na ɗaya buhu goma, kashi na biyu buhu bakwai. Takardar kowa daga ɗaya take farawa. Ainihin ɗakin da buhunan suke kuwa, sai kundin Kawu, domin yana sauya musu wuri yadda ya ga dama. Kundin nan littafi huɗu ne a cikin adaka. Na farko ya tura ka na biyu, na biyu ya tura ka na uku, sai a na huɗu za ka ga ɗaki da layi. Kafin Kawu ya ɗaura tabaransa mai igiya, ya lashi yatsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, direba ya sha shayi ya yi hamma.

Saboda haka yaran sito, waɗanda duk sun yi makarantar allo, kowa ya ajiye allo a bakin ƙofa. In ya bugo wa Kawu waya aka faɗa masa inda kashi kaza yake, sai ya rubuta, don kada ya sake tambaya. Sai dai Kawu yana da doka biyu. Mai kaya yana juya baya, a wanke allo tas, domin shekarun baya an taɓa loda wa wani kashi na uku na wani. Sannan duk sanda zai matsar da buhu ko guda, sai ya kira sito huɗun nan, kowa ya ajiye abin da yake yi, ya wanke allo, ya ce “na wanke”, kafin ɗan dako ya sunkuya.

Ranar farko na tsaya baki buɗe. Abin da na shekara ina rubuta aikin kammala digiri a kansa ke nan, ga shi da tawada da soso.

Haka kwamfuta take yi. Kowace manhaja ana ba ta adireshin bogi, tana ganin duk memori nata ne ita kaɗai. Babbar manhajar da ke tafiyar da injin, irin su Linux da Windows, ita ke riƙe da kundin da ya san ainihin inda kowane shafi yake, shafi ɗaya kuwa bayit 4096 ne. Dabarar ta tsufa, tun kwamfutar Atlas ta Manchester a 1962. A yawancin furosesan Intel da AMD na yanzu kundin hawa huɗu ne, daidai da littattafan Kawu. Da za a bi hawa huɗu a kowace tambaya da injin ya zama kunkuru, shi ya sa aka dasa ɗan allo a cikin furosesa, ana ce masa TLB. A samfurin Skylake na 2015, irin na tsohuwar kwamfutata, ƙaramin allon layi 64 yake ɗauka, babban 1536. In aka sauya daga wata manhaja zuwa wata, a da sai a wanke shi. Wankin kansa ba ya cin lokaci. Abin da ke biyo baya ne wahalar: allo fari fat, kowace tambaya sai an koma adaka. In kuma furosesan mai ƙwaƙwalwa huɗu ne, kowace da allonta. Ɗaya ta sauya wa shafi wuri, dole ta katse wa sauran aiki, ta tsaya jiran amsarsu.

Na kwana uku ina kallon motoci a layi, 'yan dako kwance a gindin darbejiya suna jiran waya ta gama, sannan na tunkari Kawu bayan la'asar.

“Kawu, wankin nan ya yi yawa. Turawa ma sun rage.”

“Turawa suna ajiyar masara ne?”

Na buɗe kwamfuta na nuna masa layin da Linux ke ƙirga sau nawa aka katse kowace ƙwaƙwalwa don wankin allo. Ya leƙa ta saman tabarau, ya ce shi tururuwa yake gani. Sai na bi ta inda zai ji: kuɗin kati. Nan ya gyara zama.

Na ce maimakon a wanke allo don mai kaya ya tafi, a sa wa kowane layi alamar mai shi. Na Alhajin Funtuwa da'ira, na mutumin Kakangi ƙafar kaza. In wani ya zo, yaro ya duba layukan da ke da alamarsa kawai. Intel ta sa wannan dabara a furosesa tun 2010, alama har 4096, amma Linux ba ta taɓa ta ba sai ƙarshen 2017, shekara bakwai tana ajiye kamar atamfar lefe. Allah ya sa an ɗinka ta a kan kari, domin a Janairun 2018 aka fallasa ɓarakar nan ta Meltdown, maganinta kuma ya tilasta sauya kundi duk lokacin da manhaja ta nemi wani abu wurin babbar manhaja. Injinan da ba su da alamar sun fi jin jiki. Kuma duk da 4096 ɗin, shida kacal Linux ke juyawa a kowace ƙwaƙwalwa. Mu ma manyan masu kayanmu ba su wuce haka ba.

Na biyu, in buhu ɗaya aka matsar, a goge layinsa kaɗai. Sai in sauyin ya yi yawa ne za a wanke duka, tunda goge-goge ɗaya-ɗaya ma yana cin lokaci.

“Yawa kamar nawa?”

“A Linux, in ya wuce shafi 33.”

Kawu ya dubi carbin da ke hannunsa, ya dube ni. “Talatin da uku? To, ashe mutanen nan suna da tarbiyya.” Daga nan bai ƙara musu ba. Ban gaya masa cewa wani injiniyan Intel, Dave Hansen, awo ya yi ta yi a 2014 har ya tsaya a kan adadin ba. Ban kuma tuna masa cewa allunan yaran ko layi ashirin ba sa ɗauka ba.

Sauran gyaran a tsaye muka gama su. A tara sauye-sauyen yini a sanar sau ɗaya. Wanda ya cika ɗaki guda da kayansa a ba shi layi ɗaya a allo, a ce ɗaki kaza duk nasa ne, kamar babban shafin nan mai megabayit 2 da ke haɗiye ƙanana 512. Siton da yake rufe kuma a daina damun yaronsa da kira, a tura masa saƙon tes, ya karanta kafin ya buɗe ƙofa.

Wallahi abin ya yi aiki. Cikin mako biyu layin motoci ya ɓace. Katin da Kawu ke sawa kullum ya koma kai masa kwana uku. “Injiniya” da yake kirana da ita yana taɓe baki, sai ga shi yana faɗinta a gaban baƙi. Na fara tafiya ina buɗa hannuwa. Na tara yaran na yi musu huɗuba: in dai allo ya nuna, kada wanda ya ƙara kiran Kawu, amfanin allon ke nan. Furosesa ma in ya samu amsa a allonsa ba ya waiwayar kundi.

Akwai sharaɗi ɗaya da duk wannan gini yake tsaye a kansa, na kuma san shi, har na ci maki da shi a jarrabawa. Ba a bai wa wani shafin da aka kwashe sai kowace ƙwaƙwalwa ta amsa cewa ta goge tsohon layin. Wadda take hutu ma, da ba a tashe ta ba, ba ta komawa aiki sai ta duba ko an yi sauyi a bayanta. “Na wanke” ɗin Kawu ke nan. Ni kuwa a lokacin gani nake jiran amsa ƙauyanci ne.

Ƙarshen Satumba gwamnatin jihar Kaduna ta ce za a katse layukan waya a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, aka hana hawa babur, kasuwannin mako kuma an riga an rufe su. Na ji a rediyo, na ɗauka irin maganar nan ce da sai an yi mako ana jan ƙafa. A ranar muka kwashe masarar Alhajin Funtuwa daga ɗaki na biyu na siton bakin gari muka dawo da ita kusa da kasuwa, don hankalin Kawu bai kwanta da bakin gari ba. Yaron siton yana gida, ba ciniki. Na rubuta masa tes: goge da'ira, ɗaki na biyu. Na danna, na jefa waya aljihu. Da na duba da na ga saƙon yana ta juyi bai tafi ba.

Da daddare Hajiya, uwargidan Kawu, ta ji an ce akwai ɗaki a sake. Bikin 'yarta, taubashiyar tawa, saura 'yan makonni, kayan ɗaki sun cika mata ƙurya, ga idon 'yan gulma. Ta tambaye ni ko ɗakin ba mai shi. Na ce, “Hajiya, fes yake, na sallame shi a lissafi.” Ita ma da dabararta: ta sa aka naɗe kuloli da tukwane da tangaran da zannuwan gado, aka cusa a buhunan masara, aka cike gefe da buntun shinkafa, aka ɗinke baki, yadda ɓarawo ba zai kalla sau biyu ba. Aka tura a kura bayan isha'i, da mukullin Kawu na ajiya.

Kwana biyu bayan haka, da sanyin safiya, direban Alhaji ya tsaya a siton bakin gari da takardarsa. Yaro ya ɗauko allo. Da'ira, ɗaki na biyu, duk nasa ne. Ba kira, ba adaka, ba ɓata lokaci. Daga baya wani tsohon ɗan dako ya rantse mini cewa ya yi magana. Ya ce yana ɗaga buhun farko ya ji ba nauyi, na biyu kuma ya yi ƙwal a kafaɗarsa, sai ya ce, “Kai yaro, masarar nan fa ƙara take.” Yaro ya ce, “Baba, allo ya ce. Injiniya ya hana tambaya.” Lodi mafi sauri a tarihin siton Kawu ke nan, kuma ni na tsara shi.

Ba zan faɗi abin da Hajiya ta ce ba da ta je ɗauko zanin gado ta tarar da ɗaki sai tsintsiya. Kawu bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya cire tabarau ya ce, “Injiniya, ya ce maka ya wanke?”

Waya babu. Funtuwa ma a lokacin an katse musu tasu, ta ɓangaren Katsina. Babur babu. Washegari na shiga wata tsohuwar Golf, mu huɗu a baya, muka kama hanyar da a shekarar ba wanda ke binta don nishaɗi. Ba mai magana, kowa leɓensa ke motsi. In daji ya matso bakin titi direba ya taka mota, in mun ga gari mu saki numfashi. Mutane suna bin hanyar nan don neman abin kai wa baki ko kai mara lafiya asibiti, ni kuwa tukunya nake bi. Wani dattijo kusa da ni ya tambayi abin da ya fito da ni, na ce harkar hatsi.

Na tarar da Alhaji a ƙofar sitonsa a kan tabarma, an jera kayan gabansa kamar ranar jere, yaransa sun kewaye suna kallo. Ashe yaronsa ne ya soka ƙarfen ɗibar samfur a buhun farko da ƙarfinsa, yana jiran ƙwayar masara ta zubo, sai ƙarfe ya tsaya a cikin jar kula.

Na durƙusa na gaishe shi, na fara bayani. Har na kai ga Meltdown. Ya ɗaga hannu.

“Samari, ni masara na aika a kawo mini. An kawo kayan ɗaki. Na ƙirga, komai ya cika, har da murfi. Abu ɗaya ne ban gani ba.”

“Mene ne, Alhaji?”

“Amaryar. Mata uku gare ni, akwai gurbi. Ko tana mota ta biyu?”

Sai da ya ga gumi ya jiƙe mini riga sannan ya yi dariya, ya sa aka kawo mini fura. Kuɗin motar dawo da kayan da na kai masa masararsa, daga aljihuna suka fita, wato daga kuɗin da na tara don sayen sabon batirin kwamfuta. Har na tafi bautar ƙasa sai a jikin soket take aiki.

Na zaci Kawu zai soke gyaran gaba ɗaya. Bai soke ba. Ya bar alamomin, ya bar layi ɗaya na mai ɗaki guda, talatin da uku kuwa ko da wasa bai yarda a taɓa ta ba. Tes kawai ya kashe. Na yi ƙoƙarin gaya masa cewa furosesan ARM da ke cikin wayoyinmu ba sa aiken kowa, shela guda suke yi duk alluna su gogu da kansu, a kuma tabbatar sun gogu. AMD ma ta yi irin tata shelar, wadda sai daga baya, a 2025, Linux ta fara amfani da ita. Kawu ya ce duk ya ji, amma shi sitonsa irin na Intel ne, sai da ɗan aike. Ya shiga zaure ya turo tsohon kekensa.

Kullum da yamma ni ke zaga sito huɗu a kan keken nan mara birki. Yaro ya goge layi a gabana, ya ce “na wanke”, in shafa allon da tafin hannu, in komo in nuna wa Kawu baƙin tawada, sannan a ɗaga buhu. Ƙarshen Nuwamba aka maido da waya. Na je da murnata na ajiye keke a zaure. Kawu ya ce in mayar da shi waje, wayar da ta tafi sau ɗaya za ta iya sake tafiya, kuma taya ta baya tana son iska.