Farfesan Ɓeran Masar

Duk wanda ya daɗe a Samaru, ko gyaɗa yake sayarwa a ƙofar jami'a, sai ya riƙa jin kansa farfesa. Ni kam cutar ta daɗe da kama ni.

Wata Asabar na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo wa autata ɓerayen Masar guda biyu. Zan fito ke nan mai dankalin Turawa ya tare ni, ya ce kayan Jos ne, ya karya farashi har na ji kunyar tayawa. A gida uwargida ta zazzage ledar: duk ya yi kore, ga tsiro cako-cako. Ta ce, "Malam, shukawa za ka yi ko ci?" Na ce ba a yi asara ba, ai ga baƙi a keji. Ta ce su ciyawa suke ci da ganyen dankalin Hausa. Nan fa na gyara zama. Na tara yara na bayyana musu cewa ɓeran Masar bai taɓa taka Masar ba, dankalin Turawa kuma ba Turawa suka fara nomansa ba. Dukkansu daga duwatsun Andes na Kudancin Amurka suka fito, wajajen Peru. 'Yan gari ɗaya ne, ina ɗan gari zai cuci ɗan gari? Na yayyanka ɗanyen dankalin, har ɓawo da tsiro, na miƙa musu da hannuna ina jiran tafi.

Da asuba keji tsit, babu wik-wik ɗin da suka wuni suna yi. Sun takure a lungu, gashi a tashe, zawo ya ɓata jaridar da na shimfiɗa. Auta ta yi mini kallon da ba a yi wa uba. Na zuba su a kwalin taliya na tari Keke, silifas wari ja wari shuɗi, sai wajen wani likitan dabbobi, yaron da na sha ja wa kunne a layinmu.

Ya saurare ni har Peru. Sannan ya ce, "Baba, koren nan da tsiron alamar guba ce, solanin. Dankalin Turawa dangin zaƙami ne, haukata-yaro. Su kuma waɗannan ba sa iya amai, abin da ya shiga ya shiga." Na ce ai na sani, gwaji nake. Da ma dariya ya yi da ya fi mini sauƙi, sai ya sunkuyar da kai. Ya tambaya ko mutanen gida sun ci. Na ce uwargida ta hana. Ya ce, "Allah ya saka wa Mama da alheri."

Sun rayu, bayan kwana uku ina durƙushe ina ɗura musu ruwa da sirinji, makwabta na leƙowa suna "Ya mai jiki, Farfesa?"

Makon jiya na koma Sabon Gari. Tun daga nesa mai dankali ya ɗaga murya: "Alhaji! Na ajiye maka koren!" Na kara hannu a kunne kamar ina amsa waya. Wayar kuwa tana gida a caji.