Ƙosai da Dokokin Sararin Samaniya

Duk wanda ya ƙudura neman babban lasisin tuƙin jirgin sama, watau wanda ke halatta wa mutum zama kyaftin a jirgin fasinja, wajibi ne ya tara sa'o'i 1,500 a sama, ya kuma ci jarrabawa a fannoni masu yawa, tun daga ilmin yanayi da lissafin hanya har zuwa dokokin da suka samo asali daga yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Shikago a 1944. Sa'ad da al'amarin da zan ba da labarinsa ya auku ina mataimakin matuƙi a Kano, sa'o'ina sun kusa cika, ba abin da ya rage mini sai hadda da muraja'a.

To, haddar wannan fanni ta sha bamban da ta makarantar zaure, domin can idan ɗalibi ya kiyaye littafin fiƙihu ya kiyaye ke nan har tsufansa, alhali nan kowane kwana 28 sai sababbin shafuka sun iso sun shafe hukuncin waɗansu, har mutum ya dawwama a babin nasihi da mansuhi. A zamanin, kafin kwamfuta ta ɗauke wa matuƙa wannan nauyi, kowa yana da ƙaton kundi mai zobban ƙarfe, ya zare tsohon shafi, ya zura sabo, ya sa hannu a jadawalin gyara.

Wata ranar Lahadi bayan la'asar na baje kundin bisa tabarma, na tara tsofaffin shafuka a haguna, sababbi a damana, sai ladan ya kira magariba. Kafin in miƙe, uwargida ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, waɗanne ne na zubarwa?" Na ce na hagu. Mu a jirgi hagu da dama ana lissafa su ne daga mazaunin matuƙi yana fuskantar gaba. Ita kuwa, da yake fuskantata take yi, ta lissafa daga nata mazaunin, kuma saboda haƙƙin maƙwabtaka ta aika wa Inna mai ƙosai ta bakin layi da su.

Da gari ya waye aka kawo mini koko, na warware ƙunshin ƙosai, sai ga taswirar sauka a filin jirgin Kano, da sabon kwanan wata a kusurwarta, mai ya jiƙa ta sharkaf. Na fita ko hula ban sa ba.

"Ranki ya daɗe, Inna, takardun nan na aiki ne, zan biya kuɗinsu."

Ta juya ƙosai da matsami, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ɗan nan, ni ba takarda nake sayarwa ba. Mai son takarda sai ya sayi abin da ke cikinta."

Na kawo hujja ta shari'a da ta hankali, na bayyana mata cewa a shafin da ke hannunta an rubuta iyakar tsayin da matuƙi zai sauko a cikin hazon hunturu kafin ya hango titin sauka, kuma rayukan alhazai na iya rataya a kan lamba guda, amma duk abin da ta fahimta shi ne Allah ya kawo mata mai ciniki. Haka na saye su shafi-shafi, kowane da ƙosansa da yajinsa. Waɗanda suka riga suka tafi na bi sawunsu: na fanshi ɗaya wurin mai shayi, ɗaya wurin wani mai gadi wanda ya ƙi sakinsa sai da ya gama karin kumallo ina tsaye. Almajiran unguwa suka ƙoshi suka sa mini albarka, sauran kuwa, don gudun almubazzaranci, na zauna na cinye.

Ga shi takardar shaidar lafiya ta matuƙi wata goma sha biyu take yi, tawa kuma a makon za ta ƙare, washegari ne ranar ganin likita. Ya ɗora ni a sikeli, ya auna jinina, ya tausa cikina da ke ta ƙugi, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kyaftin, jirgin ne zai ɗauke ka, ko kai za ka ɗauki jirgin?" Ya hana ni maiƙo, ya ce in komo bayan mako guda.

Jarrabawa dai an ci ta da yardar Allah. Shafi ɗaya ne ban samu ba har yau. Mai karatu, idan a ƙunshinka ya faɗo, kada ka wahalar da kanka wajen nemana, domin kafin wata ya zagayo an riga an shafe shi da wani.